Kunun Goggo Lauratu

Katangar da ta raba gidan Goggo Lauratu da ɗakin hayar Martine ta ƙasa ce, kuma ruwan damina ya cinye kanta har dogon mutum yana iya leƙawa. Martine gajeriya ce, amma duk abin da aka faɗa a tsakar gidan Goggo yana iske ta. Ranar nan tana zaune tana ɓarar gyaɗa bayan azahar, a tsakiyar azumin shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, sai ta ji muryar Goggo ta tashi, abin da ba ta saba ji ba.

"Na ce ka tashi daga wurin murhun nan."

"Zama kawai nake, Goggo." Lukmanu ne, ɗan ƙanenta, wanda ta riƙe tun yaye. Muryarsa a kwance take kamar ta mai amsa gaisuwa.

"Ga gindin dalbejiya can, je ka zauna har ka gaji."

"To in an jima wa zai kai miki tukunya masallaci? Ke za ki ɗauka ki ratsa tsakiyar maza?"

"Ko jaki zan ɗora wa. Kai dai hannunka ba zai taɓa ta ba."

"Jaki," in ji shi, ya yi 'yar dariya. "Shi ma da yana da baki, irin maganata zai yi miki."

Daga nan suka rage murya. Martine ta tsinci "Maga", ta tsinci "randa", ta ji Goggo tana salati ƙasa-ƙasa ba ƙaƙƙautawa. Hausar Martine ta kasuwa ce, ta ciniki da ba'a, ba ta kama magana in an yi ta da sauri. Sai ta yanke a ranta cewa yaron ya yi wa wata yarinya ciki ne a Maga, inda ya yi aiki bara. Ta taɓe baki ta ci gaba da ɓararta. In la'asar ta yi ai za ta shiga gidan, za ta gani a fuska.

A unguwar Hausare ta Garwa aka haifi Lauratu, a wannan gidan da take ciki. Kakanta ne ya zo daga ƙasar Kano da jakuna da kanwa, ya iske kogin Binuwai cike, ya ce zai jira ruwa ya janye, bai sake komawa ba. Mahaifinta, Malam Lukmanu, turare da allura da zare yake sayarwa a kasuwa. Ta yi aure sau biyu, na fari da wani mai fataucin shanu a Tuboro, na biyu da wani tela a nan cikin gari, ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Da telan ya rasu ta dawo ɗakin uwarta ta ce ta gama. Ba wanda ya matsa mata, don ta iya riƙe kanta: tana ƙuli-ƙuli, tana man gyaɗa, ba ta shiga gidan kowa sai da dalili.

Da matar ƙanenta Shu'aibu ta haifi namiji aka sa masa sunan Malam, sai aka kawo mata shi yaye, kamar yadda ake kai yaro wurin goggonsa ya manta nono. Ya manta nonon, ita kuma ta ƙi mayar da shi. Shu'aibu direba ne, daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Kusiri, ya bar mata yaron. Da yake sunan ubanta gare shi, bakinta bai iya kiran sunan ba, sai "Babana".

Abin da aka san ta da shi kuwa, har a unguwannin Fulani, shi ne kunun azumi. Ta fara shi ne shekarar da Malam ya rasu, sadaka don ladan ya kai masa. Kunun gyaɗa ne da shinkafa, a tsinka shi da tsamiya, a zuba sukari ba rowa, a babbar tukunyar da sai namiji mai ƙarfi ke iya ɗauka. Kullum kafin magariba akan kai shi masallacin bakin lungu, a jera kwanuka a kan tabarma. 'Yan dako ne ke sha, da masu tura amalanken pus-pus, da baƙin da mota ta zubar. A shekarun da aka zaftare albashi har da ma'aikatan gwamnati, su zo da takalmi mai sheƙi su zauna a ƙarshen tabarma kamar magariba ce ta riske su a hanya. Mace ba ta kai tukunyar, namijin gida ke kaiwa. Tun Lukmanu yana kama wa wani gefe ɗaya har ya zama shi ke ɗora ta a ka shi kaɗai. Lauratu ba ta taɓa ganin ana shan kununta ba. Tana dai jin ƙarar kwanuka daga tsakar gida, kuma in ta fita da safe wani zai ce, "Goggo, Allah ya kai ladan." Macen da ba ta haihu ba, a wannan unguwar, ba kasafai ake tsayawa a gaishe ta da suna ba. Ita ana tsayawa.

Mai dama kunun azumi tana da matsala guda: bakinta a rufe yake lokacin da take damawa. Wata shekara Lauratu ta cika tsamiya, maza suka sha suna yamutsa fuska, aka yi ta tsokanar ladanin masallacin har bayan salla. Shekarar da ta biyo ne Martine ta sauko daga duwatsun Mokolo da mijinta Norbert, magini, suka kama ɗakin bayan katanga. Kirista ce, gyaɗa take sayarwa, Lauratu kuma gyaɗa take saye. Wata la'asar Lauratu ta kira ta ta katanga ta ce ta zo ta ɗanɗana mata. Shi ke nan ya zama aikinta. Kowace la'asar ta azumi Martine za ta shigo, Goggo ta ɗebo a ludayi ta fifita ta miƙa mata, ita kuma ta rufe ido ta tauna baki kamar alƙali ta ce a ƙara kaza. Goggo tana kiran ta Maman Jeanne. Goggon ce ta zauna da ita ranar da ta haifi Jeanne ɗin, ita ta dafa mata kunun kanwa. Ludayin Martine kuwa yana da ƙusarsa daban a bangon madafa, nesa da na gida. Goggo ba ta taɓa cewa ga dalili ba, Martine ba ta taɓa tambaya ba.

Lukmanu ya tashi yaro marar hayaniya. Ba ya kuka in an doke shi, ba ya kuma sake laifin a gaban wanda ya doke shi. Ranar layya yakan tsuguna dab da wuyan rago yana kallo har ya daina shure-shure. Sau ɗaya ya tambayi Goggo ko ragon ya san lada ake samu da shi, ta ce ya rufe mata baki. A makaranta yana da kai. Ya gama lise, wato sakandare, ya ci bak, jarrabawar fita, ya shiga rubuta konkur na neman aikin gwamnati, wannan bayan wancan, sunansa bai taɓa fitowa ba. Bai yi fushi irin na abokansa ba, waɗanda suka ƙona tayoyi a titi shekarar da aka rufe kasuwanni. Shi kallo yake. Wata rana ya dawo ya ba ta labari, yana cin tuwo, cewa an kama ɓarawon akuya a bakin kasuwa an yi ta dukansa har ya mutu, sai aka kira azahar, mutanen suka wanke hannu suka yi alwala da buta ɗaya suka shiga sahu. Ta jira ya ce abin ya ba shi tausayi ko tsoro. Sai ya ce miyar ta yi daɗi.

Zaman banzan ne ya dame ta, ta roƙi wani Alhaji mai sayen bandar kifi ya tafi da shi Maga, ya tsaya masa a wata tungar masunta. Ya yi damina ɗaya a can. Ana cikin daminar labari ya zo cewa amai da gudawa ya shiga tungar ya kwashe mutane, manya da yara. Lauratu ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba sai da aka ce mata ɗanta lafiya lau. Ya dawo da rama, amma da natsuwar da ba ta san shi da ita ba. Yana barci sosai. Yana gaida tsofaffin lungu har ƙasa. Da azumi ya kama ya koma ɗaukar tukunya, mutane suna cewa Maga ta gyara yaron Goggo.

Da hantsin ranar da Martine ta ji faɗan, Lauratu tana tace niƙaƙƙiyar gyaɗa a rariya, ya zo ya zauna a kan turmi.

"Goggo, kin tuna amai da gudawan tungarmu?"

"Allah ya jiƙansu."

"Ba amai da gudawa ba ne. Ni ne."

Ta ci gaba da murza gyaɗar, don hannunta bai gane maganar ba tukuna.

"In ruwa ya janye," in ji shi, "masunta suna zuba maganin feshin auduga a ƙananan tafkuna. Da kin gani. Babba da ƙarami, mai ƙwai da marar ƙwai, duk su taso ciki sama. A kwashe, a banda, a kawo muku Garwa ku yi miya ku gode wa Allah. Na tsaya ina kallon mutanen suna kwasa, suna zagin juna kan wa ya fi samu, bakinsu yana buɗewa yana rufewa. Na duba su, na duba kifin, na rasa bambancin. To akwai randar da kowa ke sha a tungar."

"Babana." Muryarta ta shige ciki. "Me suka yi maka?"

"Ba su yi mini komai ba. Akwai ma wata tsohuwa da ke ajiye mini ƙanzo."

"Mutum nawa?"

"Ban ƙirga ba. Ke kina ƙirga kifin da ke cikin miyarki?"

Ta ajiye rariyar. Ruwan gyaɗa yana ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Da kika ɗauka ciwo ne, me kika ce? Ƙaddara. Kika shafa fatiha, kika ji ni ina raye, kika ci tuwonki. Yanzu da kika ji ni ne, me ya canja musu a kabari? Mai kyau da marar kyau, Goggo, kamar yare ne. A Maga wani ake yi, a kan dutse wani, a Hausare wani. Kowa yana rantsuwa nasa ne na Allah. Wanda ya fi yawan jama'a shi ke da gaskiya ranar nan. Mutane dai ciki ne da baki, suna ci suna haihuwar wasu cikkunan."

Ba don ya sauke nauyi ya gaya mata ba, don ba ya jin nauyin. Abin da ya dame shi tun daga Maga shi ne ciwo ya karɓe masa aikinsa. An zo an yayyafa ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, an binne, an watse, ba wanda ya ko dube shi. Ya yi abin da ya fi girma a rayuwarsa, duniya ta wuce shi kamar yadda sunayen konkur suka riƙa wuce shi. Yana bukatar ido ɗaya da zai sani, kuma ya zaɓi idon da ya tabbata ba zai kai shi ko'ina ba.

Lauratu ta buɗe baki. Tana so ta yi maganar yaran da suka mutu, tana so ta yi maganar wuta da hisabi. Abin da ya fito shi ne, "Wa ya sani?"

Ya yi murmushi, irin na malamin da ɗalibi ya ba shi amsar da yake jira.

"Kin gani? Ita ce tambayar gaskiya. Sauran duk ado ne."

Sai ya duba tukunyar da ke jira a kan murhu, ya ce, "Mutanen masallaci sun ƙaru bana."

Daga nan ne faɗan ya tashi, ya yi ta tashi yana kwanciya har Martine ta ji nata rabon bayan azahar.

Lauratu ta ƙudura ba za ta matsa daga tukunyar ba. Ta yi tunanin fasa kunun, sai ta ga ladan a ƙofa yana tambayar dalili, ta ga ba ta da amsar da za ta ba shi. Ta ce a ranta za ta dama, ta tsare, ta roƙi Norbert ya kai bakin masallaci ya ajiye, gobe kuma Allah ya kawo dabara. Ta hura wuta, ta zuba ruwan gyaɗa, ta zuba shinkafa, tana juyawa tana kallon gindin dalbejiya inda ya koma ya kishingiɗa. Zafin Garwa na wannan lokacin ya sauko a kan kwanon rufi, gumi yana shiga mata ido, ba ta ko sharewa don kada ta rufe idon.

Aka kira la'asar. Tun azahar take matse da fitsari, ga alwala. Ta dube shi, idonsa a rufe, hularsa a kan fuska, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ta rufe tukunyar, ta ɗora dutse a kan murfin, ta ɗauki buta ta zaga da sauri irin wanda ƙafafunta suka manta.

Da ta fito yana tsugune a gaban murhu. Murfin yana ƙasa, dutsen yana gefensa, muciya tana hannunsa.

"Ya fara kamawa ne," in ji shi. "Na juya miki."

Ta ture shi ta sunkuya a kan tukunyar. Gyaɗa, tsamiya, hayaƙi. Ta sake shaƙa har tururi ya ƙona mata hanci. Kunun fari ne, yana tafasa a hankali kamar na kowace rana. Ta laluba aljihun rigarsa, ya ɗaga hannuwa ya bar ta. Ba komai sai asuwaki.

"Me ka zuba?"

"In na ce ban zuba ba, za ki yarda?"

"Sha. Ɗebi ka sha a gabana."

"Ina azumi, Goggo." Ya faɗa da ladabi. "Ke ma kina azumi. Liman yana azumi. Duk Hausare baki a rufe yake, sai an kira magariba a buɗe gaba ɗaya. Kafin na farko ya ji cikinsa ya murɗa, na ƙarshe ya suɗe kwano." Ya share hannu a wando. "Amma me ya dame ki? Ai kina da mai ɗanɗana miki."

Ya nuna bangon madafa da haɓa.

"Ga ludayinta can a ƙusarsa. Tun ina ƙarami nake kallon sa, ko sau ɗaya bai kwana cikin na gida ba. To yau ya yi rana. In ta sha ta tashi lafiya, kununki ya tsira, sunanki ya tsira. In ba ta tashi ba, kin fanshi tabarma guda ta musulmi da mace ɗaya ta dutse. Je ki tambayi duk wanda kika ga dama a lungun nan, a ɓoye, ki ji wanne zai zaɓa."

"Allah ya tsine wa bakin nan."

"Amin. Ga ta nan."

"Gafaranku dai, masu gida." Martine ta shigo da ɗan kwanon da take ɗiba wa Jeanne, tana satar kallon Lukmanu. "Musiye Lukman, an tashi? Kai dai kana jin daɗi, azumi a inuwa. Goggo, yau ma kin saki hannu a tsamiya, tun daga ɗaki hancina ya kai ƙara."

Lauratu ta ji ƙafafunta sun tafi bangon madafa. Shekaru sun koya wa hannunta hanyar ƙusar nan, ba sai ta aike shi ba. Ta sauko da ludayin, ta ɗebo, ta shiga fifitawa. Wani ɗan tunani yana tafe a ƙasan zuciyarta, a hankali, da muryar mai hankali: watakila bai zuba komai ba, tsokana ce irin tasa. In ma ya zuba, ludayi ɗaya ne, ba kwano ba. Asibiti ba nisa. Mutanen dutse suna da ƙarfin jiki. Kuma in ba ta ba ta ba, me za ta ce?

Ta miƙa.

Martine ta gyara tsayuwa, ta rufe ido tun kafin ludayin ya iso, ta ɗan buɗe baki yadda take yi kullum. A nan gefen leɓenta akwai tabon da ta samu ranar haihuwar Jeanne, da ta ciji kanta don kada maza su ji ihunta. Yatsunta suka taɓa ludayin.

Lauratu ta fizge. Kunun ya zube mata a wuyan hannu, da zafinsa, ba ta ji ba sai daga baya.

"Ƙadangare," ta ce. "Ƙadangare ne ya faɗa ciki. Yanzu na tuna."

Martine ta buɗe ido. "Yanzu kika tuna? To a tsame shi mana. Mu a dutse da sai mu ce an ƙara mana nama."

"Kama mini."

"Goggo, gyaɗar nan fa ni na ɓare ta, har yatsuna sun yi kanta."

"Maman Jeanne, kama mini."

Suka naɗe tsumma a hannu suka kama kunnuwan tukunyar, suna tafe suna hutawa, har bayan gida. Lauratu ba ta yarda a zuba a kwata ba, saboda kajin maƙwabta da awakin lungu. A ramin shadda suka tuntsurar da ita, kunun yana gangarawa da kauri, ƙamshin gyaɗa ya cika wurin. Ta bi tukunyar da toka da ruwa, ta sake bi. Ludayin ma ta jefa shi ramin.

Martine ta dubi fuskar Goggo. Ta rage murya ta koma Fulatanci, ta tambaye ta ko maganar yarinyar Maga ce, ta ce in ciki ne ai ba kansa farau ba, a je a nemi aurenta.

"Je ki gida," in ji Lauratu da Hausa. "Kada ki ci komai daga gidan nan. Ko ruwa. Ki gaya wa Jeanne."

Martine ta dube ta, ta leƙa ta dubi saurayin da ke zaune a kan turmi yana goge haƙori da asuwaki. Ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauki kwanonta ta fita, ba ta yi sallamar da ta saba ba.

"Watakila kunu mai kyau kika zubar," in ji Lukmanu. "Ba za ki taɓa sani ba, ni kuma ba zan faɗa ba. Amma na ga hannunki, Goggo. Sai da ya miƙe."

Ba ta musa ba. Ta zauna a bakin murhun da ya mutu, tana kallon wuyan hannunta yana tashi. Ta so a ce ƙarya yake, sai dai tana tuna kowace kalmar da muryar nan ta raɗa mata, kuma muryarta ce.

Rana ta yi ƙasa. Daga bakin lungu ta fara jin ana shimfiɗa tabarmi, ana jera kwanuka. Ta duba randarta, ta duba tulun mai, ta duba ƙwaryar gishiri. Duk ya san inda suke. Ta ce a ranta to ta daina kunun, ta ce ciwon baya ya kama ta. Sai ta tuna gidan Aminatu mai ƙosai ba su da namiji babba, gobe in suka ji yaron Goggo ba shi da kaya za su kira shi ya kai musu. Akwai sunan da za a yi a bayan masallaci, an riga an ce ya zo ya taya raba abinci. Akwai rijiyar lungu. Duk ƙofar da ke unguwar nan a buɗe take gare shi, kuma ita ta buɗe masa su, da kununta da gaisuwarta.

Ta san kuma abin da ake yi wa ɓarawon akuya a bakin kasuwa. Ta dubi ƙeyarsa, inda gashi ke murɗewa, wurin da take shafa wa mai yana ƙarami.

Aka kira magariba. Ya tashi ya ɗebi ruwa a randa ya ce bismilla da ƙarfi don ta ji, ya sha, ya miƙo mata moɗa. Ba ta karɓa ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya shiga madafa ya ɗauko tuwon sahur da ya rage, ya zauna yana ci hankali kwance. Bai yi shirin gudu ba, bai ko sa takalmi ba. Ya san ta. Mace ce da ta gwammace ta mutu da a ji kanta a waje.

Bayan an idar da salla aka yi sallama a zaure. Malam Dawuda ne, ladan, tsoho mai ɗingishi wanda ya yi zamani da mahaifinta.

"Lauratu, lafiya dai? Mutane sun sha ruwa da ruwa zalla. Har an fara cewa ko jikin ne."

Ta yafa mayafi ta fito. Maƙogwaronta a bushe, harshenta ya manne. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa bango da hannun da ya ƙone. A bayanta tana jin ƙarar cokali a kwano.

"Babu kunu, Malam. Gobe ma babu," ta ce. "Ka je ka zo da lawan mai unguwa, da dattijai biyu, kada ka gaya wa samari. Mutanen da suka mutu a Maga bara, ba ciwo ne ya kashe su ba. Yana ciki yana cin abinci. Ni ba zan iya kai shi da ƙafata ba, amma ina nan tsaye har ku zo."